GAMA, ƊAN KOKOWAR DA BA A TAƁA KADAWA BA

Kokowa ba a Nijar kaɗai ake yin ta ba. Can nesa, gabas da Makka, akwai ƙasashe biyu maƙwabtan juna, Indiya da Pakistan. Mutanensu suna son kokowa ƙwarai, tun kaka da kakanni suke yin ta. A cikinsu aka yi wani ɗan kokowa wanda ake ce ma Gama. Daga samartakarshi har ranar da ya aje kokowa an yi shekara sama da 50, ba a kada shi ba ko sau guda. Ya rasu tun shekara ta 1960, amma har yau ba a manta da sunanshi ba.

Gama ba dogo ba ne. Tsawonshi wajen metir 1 da santimetir 70. In ya shiga kasuwa ba a hango kanshi bisa na mutane. Da yawa cikin abokan karawarshi sun hi shi tsawo, sun hi shi nauyi. Duk da haka ya gagare su. Ga tarihinshi, ga yadda ya samu ƙarhinshi, ga kuma abin da ya yi da shi.

GIDAN ƳAN KOKOWA

An haihi Gama ran 22 ga watan Mayu 1878, a yankin Panjab, kusa da birnin Amritsar. Sunanshi na yanka Gulam Muhammad Baksh. Gama laƙabi ne. Danginshi Musulmi ne, asalinsu daga Kashmir, ƙasar duwatsu da sanyi.

A lokacin nan Turawan Ingila ke mulkin Indiya. Pakistan ba ta zama ƙasa ba tukuna, duk cikin Indiya take. Amma akwai sarakunan gargajiya da yawa, ana ce musu maharaja. Kowane da ƙasarshi, kowane da hwadarshi. Sarakunan nan suna riƙon ƴan kokowa kamar yadda sarki ke riƙon dawaki da makaɗa. Su ci da su, su ba su sutura, su ba su wurin kwana. Ɗan kokowa ba ya noma, ba ya kasuwa. Aikinshi guda ne: ya yi ƙarhi, ya kada ɗan kokowar wani sarki, ya ɗaukaka sunan ubangidanshi. Kokowa ita ce sana'arshi, da ita yake ci da iyalinshi. A harshensu ana ce ma ɗan kokowa pahalwan.

Uban Gama, Muhammad Aziz, pahalwan ne a hwadar sarkin Datiya. Ya rasu Gama yana ƙaramin yaro. Kakanshi na wajen uwa ya ɗauki riƙonshi, shi ma ɗan kokowa ne. Da kakan ya rasu, sai kawunshi Ida ya karɓe shi. Shi ne ya hwara koya mishi kokowa. Maraya ne, amma a gidan sana'a ya tashi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrahe.

YARO CIKIN ƘATTA 400

A shekara ta 1888 sarkin Jodpur ya kira babban taro na ƴan kokowa. Mutum sama da 400 suka zo. Ba kaye aka yi ba ran nan. Sarki yana son ya ga wanda ya hi jimiri. Aka ce kowa ya yi wani motsa jiki da suke kira baitak. Ga yadda ake yin shi: mutum ya tsaya, ya tsuguna har ƙasa, ya miƙe, ya sake tsugunawa, ba hutawa. Wanda ya gaji ya hita.

Gama ya shiga cikinsu, yana da shekara 10. Aka yi ta yi. Ƙatta suka riƙa hita ɗaya bayan ɗaya. Ɗari suka hita, ɗari biyu suka hita, ɗari uku suka hita. Can aka duba, saura mutum 15, yaron nan yana cikinsu, yana tsugunawa yana miƙewa. Sarki ya tsai da wasa. Ya ce yaron da ya jure haka cikin manya, shi ya ci.

An ce bayan taron Gama ya yi kwana 7 kwance, ƙahwahunshi ba su ɗaukar shi. Amma sunanshi ya hita. Sarkin Datiya ya ɗauke shi, ya ci gaba da riƙonshi kamar yadda ya riƙi ubanshi. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

AIKIN KULLUM

Mi ne ne asirin Gama? Asirinshi a hili yake, kowa ya gan shi. Aiki ne na kullum.

Ƴan kokowar Indiya suna da wurin koyo, sunanshi akara. Hili ne na ƙasa mai taushi. Ana tone ƙasar, a tsince duwatsu, a zuba mata ruwa da mai don kada ta ji ma kowa ciwo. Ƴan kokowa da kansu ke tonon ta kowace sahiya da babbar hauya mai nauyi. Tonon ma motsa jiki ne. Kowace akara tana da malaminta. Ba a shiga hili sai da izninshi, ba a tsallake maganarshi.

A nan Gama ke wuni. Tun da asuba yake tashi. Masu ba da tarihinshi sun ce, lokacin da ƙarhinshi ya cika, yakan yi baitak 5.000 kowace rana. Yakan kuma yi wani motsa jiki mai suna dand har sau 3.000. Shi dand, mutum ya kihe bisa hannuwa da yatsun ƙahwa, ya saukar da ƙirji kusa da ƙasa, ya tura shi gaba, ya ɗago. Bayan wannan sai ya kama kokowa da abokanshi na akara, mutum 40, ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya gaji ya hita, wancan ya shigo, shi kuwa yana nan tsaye.

Yana da wani dutse da aka sassaƙa kamar zobe. Nauyinshi kusan kilo 100, tamkar babban buhun hatsi. Yakan rataya shi a wuya ya yi baitak da shi. An aje dutsen nan a gidan tarihin wasanni na birnin Patiyala, mutane suna zuwa kallo.

Mai irin wannan aiki sai da abinci. Abincinshi madara mai yawa, da man shanu, da romon nama, da ƴaƴan wani icce da suke kira badam, masu kama da gujiya. Ana niƙa su a dama da madara a sha. Sarki ke biyan kuɗɗin wannan duka, don talaka ba ya iyawa. A ladabin akara kuma, ɗan kokowa ba ya shan giya, ba ya shan taba, ba ya yawon dare. Da wuri yake kwana, da wuri yake tashi.

Ba kwana ɗaya aka yi haka ba, ba wata ɗaya ba. Shekara da shekaru ne, rani da damana. Ƴan kallo suna ganin kaye na minti guda. Ba su ganin asubar da ta haihe shi.

DOKAR KOKOWARSU

Kahin a ci gaba, ya kamata a san dokar kokowarsu, don ta bambanta da ta Nijar. A Nijar, da mutum ya hwaɗi ƙasa, da baya ko da ciki ko da gindi, kaye ya yi, magana ta ƙare. A Indiya ba haka ba ne. Ko an kai mutum ƙasa, kokowa ba ta ƙare ba. Sai an juya shi rigingine, an danna kahwaɗunshi biyu ga ƙasa. Kokowar Turawa ma haka take. Shi ya sa karawa guda takan kai awa ɗaya ko biyu. A riƙe wannan doka, za ta yi amhwani a gaba.

RAHIM, DOGON GUJRANWALA

A zamanin nan sarkin kokowar Indiya duka shi ne Rahim Baksh Sultaniwala, mutumin garin Gujranwala. Ƙato ne na gaske, tsawonshi ya kai metir 2. Ya girmi Gama nesa, ya san dabarun kokowa ciki da waje.

Gama yana saurayi, bai kai shekara 20 ba, ya ce yana son karawa da shi. Mutane suka yi mamaki. In sun tsaya tare, kan Gama iyakarshi ƙirjin Rahim. Kowa ya ɗauka kahin ƙibta ido za a gama. Aka shiga hili. Rahim ya kawo hari, yaro ya tare. Ya sake dabara, yaro ya warware. Aka daɗe ana yi, aka tashi ba kaye.

Ga Rahim wannan ba abin murna ba ne. Ga Gama kuwa tamkar nasara ce. Daga ran nan Indiya duka ta san da shi. Ya riƙa zagaya birane, yana kada manyan pahalwan ɗaya bayan ɗaya. Ya sake haɗuwa da Rahim ba sau ɗaya ba, kullum a tashi kunnen doki. Zuwa shekara ta 1910 ba wani sananne da ya rage mishi a Indiya sai dogon nan na Gujranwala.

TAHIYA LANDAN

A shekara ta 1910 aka shirya ma Gama tahiya Ingila. Ya shiga jirgin ruwa tare da ƙanenshi Imam Baksh da wasu ƴan kokowa. Imam ma gwani ne, ya hi wanshi tsawo. Suka sauka Landan, babban birnin masu mulkin ƙasarsu.

A Turai lokacin nan kokowa ta kuɗɗi ce. A gidajen wasa ake yin ta, sai an biya a shiga. Sau da yawa kuma akan shirya ta tun a ɓoye: a gaya ma wane ya hwaɗi, a raba kuɗɗi. Baƙon da ya zo da kokowar gaskiya ba a marhabin da shi. Masu shirya wasa suka dubi Gama, suka ga gajere, suka raina shi.

Sai Gama ya yi shela. Ya ce a kawo mishi ƴan kokowa 3, kome nauyinsu, zai kada su duka cikin minti 30. Ya kira manyan zakarun zamanin da sunansu, har da Gotch, sarkin kokowar Amurka. Aka daɗe ba wanda ya amsa. Shi da Gotch ba su taɓa haɗuwa ba har abada.

Wanda ya hwara amsawa wani Ba'amurke ne, sunanshi Rola, likita ne kuma sanannen ɗan kokowa. Suka kara a watan Agusta. Gama ya danna kahwaɗunshi ƙasa cikin minti 1 da sakan 40. Aka sake, ya kuma kada shi cikin minti 9 da ƴan kai. Imam Baksh shi ma ya kada wani gwani mutumin Suwizalan. Daga nan raini ya ƙare.

KOKOWAR AWA BIYU DA RABI

Sai aka haɗa Gama da wani ƙato mutumin ƙasar Polan, sunanshi Zibishko. Da rubutun ƙasarsu haka ake rubuta sunan: Zbyszko. Yana cikin manyan ƴan kokowar Turai. Ya hi Gama nauyi nesa, wuyanshi kamar na bijimi. Aka sa kyautar pam 250, kuɗɗin Ingila, da ɗamarar girma ta wata jarida mai suna John Bull.

Ran 10 ga watan Satumba 1910 aka yi karawar, a wani babban hilin wasa na Landan. Dubban mutane suka zo. Da aka hwara, ba a cika minti guda ba Gama ya kai Zibishko ƙasa. Da a Maraɗi ne ko Tawa, da makaɗa sun ɗauki kiɗi, an gama. Amma a tuna da doka: sai an juya mutum rigingine.

Zibishko ya ji ƙarhin hannun da ya kama shi. Ya gane in ya miƙe tsaye zai sha kaye. Sai ya kihe rub da ciki, ya buɗe hannuwa da ƙahwahu, ya manne ma ƙasa kamar kunkuru. Gama ya hau bayanshi. Ya ja ta nan, ya tura ta can, ya nemi hannu, ya nemi ƙahwa. Ƙaton nan ya ƙi juyuwa. Ɗan miƙewar da ya yi kaɗan ce, kuma nan da nan yake komawa ƙasa.

Awa ɗaya ta wuce. Awa biyu ta wuce. Ƴan kallo suka yi hushi, suna ta yi ma Zibishko ihu. Bayan awa 2 da minti 35 aka tsai da wasa, ba kaye. Aka ce su dawo bayan kwana 7.

Ran 17 ga wata Gama ya zo, ya tuɓe, ya shiga hili. Aka jira Zibishko, shiru. Bai zo ba. Sai aka ɗaura ma Gama ɗamara. Labari ya kai Indiya, mutane suka yi murna ƙwarai. Ɗan ƙasar da ake mulka ya je har birnin masu mulki, zakaran Turai ya ƙi tsayawa gabanshi.

SARAUTAR KOKOWA

Da Gama ya komo gida, tsohon bashi yana jiran shi. Aka haɗa shi da Rahim a birnin Alahabad. Suka yi karawa mai tsanani. A wannan karo Gama ya yi nasara. Aka ba shi sarautar Rustam-e-Hind. Rustam wani jarumi ne na labarun mutanen Parisa. Ma'anar sarautar ita ce Rustam na Indiya. Daga baya aka riƙa kiran shi Rustam-e-Zamana, wato Rustam na zamani, gwarzon duniya duka.

Akan tambayi Gama: cikin duk waɗanda ka kara da su, wa ya hi ƙarhi? Bai taɓa kiran sunan Bature ba. Kullum sunan Rahim yake kira. Ya kada shi, amma bai rage mishi girma ba.

A Nijar takobi ake ba sarkin kokowa. A Indiya kulki ake ba shi, babba, na azurhwa. A shekara ta 1922 ɗan sarkin Ingila ya ziyarci Indiya, ya ba Gama irin wannan kulki. A hotunanshi ana ganin shi tsaye, da gashin baki, da kulki bisa kahwaɗa.

Bayan ya zama sarkin kokowa, karawarshi ta ragu. Mai son ya taɓa shi sai ya hwara bi ta kan Imam Baksh. Imam kuwa ƙohwa ce mai wuyar wucewa. Amma Gama bai bar akara ba. Ko akwai abokin karawa ko babu, aikin asuba yana nan.

BAYAN SHEKARA 18

Zibishko bai manta da Landan ba. Ya tahi Amurka, ya yi suna, har ya zama zakaran duniya na can sau biyu, a 1921 da 1925. Sarkin Patiyala, wanda ke riƙon Gama a lokacin, ya gayyace shi Indiya don a raba gardama.

Aka yi karawar a watan Janairu 1928, a Patiyala, bisa ƙasa irin ta akara. Gama yana da shekara kusan 50. Jama'a ta taru daga nesa da kusa. Wasu sun yi kwanaki a hanya. Kowa yana zaton za a sake daɗewa kamar ta Landan.

Aka ba da izni. Gama ya kama ƙahwar Zibishko, ya share ɗayar, ya kai shi ƙasa, ya danne shi rigingine. Ba a cika minti guda ba. Wasu ƴan kallo ko zama ba su gyara ba. Abin da ya gagara cikin awa biyu da rabi ya ƙare kahin a sha ruwa. Wannan karon Gama bai ba shi damar kihewa ba. Ya ɗauki darasin Landan, ya riƙe shi shekara 18.

A 1929 ya kada wani Bature mai suna Pitasan cikin minti 1 da rabi. Daga nan masu neman karawa da shi suka yi wuya. Ya aje kokowa a 1952, ba wanda ya karɓi sarautar daga hannunshi cikin hili.

SHEKARA TA 1947

A watan Agusta 1947 Turawan Ingila suka bar Indiya. Aka raba ƙasar biyu. Inda Musulmi suka hi yawa ya zama Pakistan. Sauran, inda mabiya addinin Hindu suka hi yawa, ya ci gaba da zama Indiya. Iyaka ta ratsa tsakiyar Panjab, yankin su Gama.

Rabon ya zo da babbar masihwa. Mutum sama da miliyan 10 suka bar gidajensu. Musulmi suna gudu yamma, ƴan Hindu da ƴan Sik suna gudu gabas. Maƙwabci ya tasam ma maƙwabci. Aka ƙone gidaje, aka tare jiragen ƙasa. Dubban ɗaruruwan mutane suka mutu, ta kowane ɓangare.

Gama ya koma Lahor, cikin Pakistan. Ya zauna a wata unguwa da ake kira hanyar Mohni, inda ƴan Hindu suke da yawa. Yana da shekara kusan 70. Mutanen Lahor suna ba da labarin abin da ya yi. Ya gaya ma maƙwabtanshi cewa muddin yana da rai ba mai taɓa su. Ran da masu tarzoma suka zo da makamai, sai suka tarad da shi tsaye a bakin unguwa, ƴan kokowarshi suna bayanshi. Masu tarzoman addininsu ɗaya da shi. Waɗanda ke bayan ƙyaure suna rawar jiki addininsu dabam. Bai matsa ba. An ce ya mari jagoransu mari guda, sauran suka watse.

Da tashin hankali ya yi yawa, ya ga ba zai iya tsaron su har kullum ba. Sai ya haɗa musu guzuri, ya raka su har iyaka, suka ƙetare lahiya. Ba a ba da ɗamara ran nan ba, ba a ba da kulki ba. Amma cikin duk tsayuwar da ya yi a duniya, wannan ce ta ceci rayuka.

TSUHWA

Ƙarshen rayuwar Gama bai zo da sauƙi ba. Bayan 1947 sarakunan gargajiya suka rasa mulkinsu. Hwadar da ta ci da shi ta zama cikin wata ƙasa, iyaka ta raba su. Madara da badam na sarki suka yanke. Tun yana yaro bai san wata sana'a ba sai kokowa. Ya gwada harkar motocin haya a birnin Karaci, ba ta yi ba.

Ɗiyanshi maza duka sun rasu suna ƙanana. Sai ya mai da hankali ga ɗiyan ƙanenshi Imam. Babbansu a kokowa, Bolu, ya zama sarkin kokowar Pakistan a 1949.

Ciwo ya kama shi, na zuciya da na numhwashi. Kuɗɗin magani suka yi wuya. Gwamnatin Pakistan ta ba shi hili da kuɗɗin wata, ta kuma ɗauki nauyin maganinshi. Taimako ya zo har daga ƙetaren iyaka. Wani babban attajiri na Indiya, sunanshi Birla, ɗan Hindu, mai son kokowa, ya aiko mishi da rupi 2.000, ya kuma yanka mishi rupi 300 kowane wata. Alheri danƙo ne, ba ya hwaɗuwa ƙasa banza.

Gama ya rasu a Lahor ran 23 ga watan Mayu 1960, kwana guda bayan ya cika shekara 82. Indiya tana cewa nata ne, Pakistan tana cewa nata ne. Ƙasashen biyu sun sha yaƙi da juna, amma a kan girman Gama bakinsu ɗaya.

ABIN LURA

Tarihin Gama ya nuna ƙarhi abu ne da ake ginawa, kamar rumbu, yau kaɗan gobe kaɗan. Ba a ba shi tsawo ba, ba a ba shi uba mai daɗewa ba. Abin da ke hannunshi shi ne tashin asuba, shi kuwa bai sake shi ba.

Ya kuma nuna ƙarhi baƙo ne. Wanda ya rataya kilo 100 a wuya, wata rana numhwashi ma ya yi mishi nauyi. Mutum bai kada shi ba, tsuhwa ta kada shi, kamar kowa. Abin da ya rage bayanshi shi ne yadda ya yi da ƙarhin lokacin da yake hannunshi: bai raina wanda ya kada ba, bai bar maƙwabci a hannun masu kisa ba.

TAMBAYOYI

1. A wace ƙasa aka haihi Gama? A wace ƙasa ya rasu? Mi ya sa ƙasashen suka zama biyu?
2. Mi ya hwaru a Jodpur a shekara ta 1888?
3. Mi ne ne bambancin kaye a Nijar da kaye a Indiya?
4. Wace dabara Zibishko ya yi a Landan? Dabara ce ko tsoro? Kowa ya kawo hujjarshi.
5. Don mi Gama ke kiran sunan Rahim in an tambaye shi wanda ya hi ƙarhi?
6. Mi ya sa Gama ya shiga wahala da ya tsuhwa? Mi ya kamata ɗan kokowa ya tanada tun yana da ƙarhi?
7. Cikin tsayuwar Landan, da ta Patiyala, da ta hanyar Mohni, wace ta hi girma?

LISSAHI

1. An haihi Gama a 1878. Shekararshi nawa lokacin da ya tahi Landan a 1910?
2. Mutum 400 suka shiga wasan Jodpur, 15 suka rage. Mutum nawa suka hita?
3. In ana yin baitak 5.000 kowace rana, nawa za a yi cikin kwana 7?
4. Awa 1 minti 60 ce. Awa 2 da minti 35, minti nawa ke nan?
5. Rupi 300 kowane wata, rupi nawa ke nan a shekara guda?